Rasuwar Anti Injiniya, Mai Raba Ruwa da Gishiri

Cikin alhini da zukatan da har yanzu suka ƙi kwanciya, Ƙungiyar Masu Binciken Tace Ruwa da Zafin Rana ta samu labarin rasuwar shugabar ɗakin gwajinta, Hajiya Dakta, wadda babba da yaro suka fi sani da Anti Injiniya. Jiri ne ya ɗebe ta tana duba kwanukan gwaji a saman bene, aka garzaya da ita asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta ƙarar da ƙarfinta a kan girafin, wani baƙin sinadari dangin gawayi wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. Takan shafa shi a jikin soso, ta ɗora a kan ruwan gishiri ko ruwan rini, ya zuƙi zafin rana, ruwa ya tashi tururi a tare shi garau, gishiri da datti su zauna a ƙasa. Ba a san ta da zama ba. Ko a taro a tsaye take, ido na kan taga, tana mitar gajimare zai ɓata mata aiki.

Ranar da aka kafa na'urar farko a unguwar bayan masana'antar rini, inda rijiyoyi suka lalace, matan unguwar suka ƙi sha, suka ce ba su yarda da baƙin abu ba. Ita ta fara shanye kofi, sannan ta miƙa wa autarta.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba: gishiri yana toshe soson bayan 'yan watanni, kuma ta tafi tana neman maganin hakan. Mu ma ba mu samo ba tukuna. Mun so rufe ɗakin gwaji don makoki, amma maigidanta, Alhaji Malamin Lissafi, ya hana, ya ce akwai gidajen da gobe ma sai sun sha ruwa. Mun buɗe tun da safe.

Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya ba maigidanta, 'ya'yanta da mahaifiyarta Hajiya Inna haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya nuna mana abin da take nema.

Malam Dogo,
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
a madadin Shugaban Ƙungiya