Ina So In Riƙe Hannun Jikana Ranar da Zai Fara Tafiya

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, domin farin ciki da tsoro sun haɗu sun hana ni sukuni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da furfura ta fito na shiga makarantar yamma ta manya, kuma ban so in ba wani ya rubuta mini wannan magana ba.

Bari in fara da mai daɗin. 'Yata ta haihu. Shekaru ta yi a gidan miji shiru, har muka daina tambaya don kada mu ƙara mata damuwa, sai ga shi Allah ya kawo namiji, ƙato, mai kumatu. Yanzu har ya fara rarrafe. Tsohuwata, wato matata, tun ranar da aka haife shi ta ce ta yi sabon maigida, ni an sallame ni, in tattara tsummokarana. Shi ya sa nake ce masa Ɗan Ƙwace. Ya ƙwace mini mata, ya ƙwace kujerata, tabarau ma in na yi sake sai in same shi a bakinsa. Uwarsa ta koma aiki, don haka kullum da safe a wurinmu take ajiye shi.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. Shagona yana ƙasa, mu kuma a saman bene muke zaune. Kafin a haifi yaron na fara jin ciwo a matsematsina na dama, yana sauka har gwiwa. Na ɗauka tsufa ne. Da ya kai ba na iya tanƙwasa ƙafa in zauna, 'yata ta ja ni asibiti, aka saka ni cikin wata na'ura aka ɗauki hoto. Likita ya ce jini ya daina isa kan ƙashin cinyata, wurin da yake shiga kwatangwalo, ƙashin yana mutuwa a hankali. Yana zargin ƙwayar da na daɗe ina sha saboda asma. Ya ce kan ƙashin bai rufta ba tukuna, in riƙa dogara sanda, in rage hawa bene, kuma akwai ƙaramin aiki da za a huda ƙashin don jini ya samu hanya. Na ce masa ya bari 'yata ta sauka lafiya tukuna. Ta sauka, ni ban koma ba.

Ga abin da ya hana ni. Ni dai na san keke. Wanda ake ɗinki da shi kullum ba ya ba ni wahala. Wanda aka rufe da zane aka ajiye a kusurwa, shi ne ake kawo mini ya cije, sai na yi kwanaki ina jiƙa shi da mai kafin ya motsa. Sai na ce ai ƙafa ma haka take, in na ajiye ta za ta cije. Na rataye sandar a bayan ƙofar shago. In 'yata ta kawo yaron, ni nake saɓa shi a kafaɗa in hau da shi, in sauko, in sake hawa, yana dariya yana jan hulata. Tsohuwata ta ce wata rana da ni da sabon maigidanta za a tsinto mu a ƙasan matakala, kuma shi kaɗai za ta ɗauka. Na san wasa take yi, amma na ga idonta.

Yanzu ciwon ya ƙaru, ko a zaune ina jin sa. In 'yata ta tambaya sai in ce da sauƙi, don ba na so in ɓata mata wannan lokaci da ta daɗe tana jira.

Malama, wannan ciwo da wane irin sauri yake tafiya? Akwai abin da zai rage masa gudu? Niyyata in jinkirta aikin har yaron ya fara tafiya, don kada ranar ta zo ina kwance. Ba na neman abu mai yawa. So nake ya kama yatsana, mu taka daga ƙofar shago zuwa bakin titi mu dawo.

Kakan Ɗan Ƙwace

Baba, barka da samun jika, Allah ya raya shi. Rubutunka kuwa ya fita sarai, babu abin ba da haƙuri.

Na kai wasiƙarka wurin wani likitan ƙashi, ga abin da na samo. Wannan ciwo ba shi da gudu ɗaya. A jikin wani, watanni ne tsakanin fara ciwo da ruftawar kan ƙashin, a jikin wani kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, ko fiye. Abin da ke bambanta su shi ne girman wurin da ya mutu, da ko yana daidai inda nauyin jiki ke sauka, da kuma ko abin da ya jawo shi yana nan. Ba mai iya faɗa maka naka daga nesa, sai an sake hoto. Amma ciwon da ya fara damun mutum yana zaune alama ce da ba a wasa da ita.

Game da keke, kana da rabin gaskiya. Gaɓar da ba a motsa ta takan sandare, naman cinya ya saki. Sai dai naka keken ba tsatsa ce ta kama shi ba, ƙarfen ciki ne ya yi rauni. Da wani tela ya kawo maka irinsa, ba za ka ce ya je ya ɗinka fata da shi don ya warware ba. Da hannu za ka juya shi a hankali har a gyara. Ƙafarka tana son motsi, nauyi ne ba ta so. Hawa bene da yaro a kafaɗa nauyi ne a kan nauyi. Ka nemi a haɗa ka da masu gashin ƙashi na asibiti su nuna maka motsin da za ka yi a kwance ko a zaune.

Ka ciro sandar daga bayan ƙofa. Ita kaɗai ba za ta warkar da ƙashin ba, amma za ta rage ciwo, ta sauke masa nauyi kafin a duba ka. Ƙwayar asma kada ka yanke ta da kanka, yin haka yana da haɗari. Ka gaya wa mai duba asmarka abin da aka gano, shi zai san yadda zai rage ta ko ya sauya. In kana shan taba ka bari. Tausa da man zafi ba sa mayar da jini cikin ƙashi. Ka kuma roƙa a duba ɗaya ƙafar, domin ciwon yakan kama duka biyu ba tare da an ji ba.

Aikin hudawar nan kafin ƙashi ya rufta yake da amfani, ko a lokacin ma ba kowa yake yi wa daidai ba. In ya rufta, sai dai babban aiki na sauya gaɓar. Shi ma ba ƙarshen tafiya ba ne, mutane da yawa sun miƙe bayansa sun koma sana'arsu. Amma jiran da kake yi yana iya raba ka da ƙaramin ya bar ka da babban. Yaron ba ya gudu, ciwon ne ke gudu. Ka koma asibiti cikin makon nan.

Kuma ka gaya wa 'yarka gaskiya. Ita ta ja ka asibiti da tsohon ciki, ta fi ƙarfin a ɓoye mata. Ka bar ta ta riƙa hawa da ɗanta da kanta, ko a shimfiɗa masa tabarma a shago kusa da kai, ka zauna ya hau cinyarka ta hagu ya ci gaba da cin tabarau.

In aka yi aikin yanzu, mai yiwuwa lokacin da zai fara miƙewa yana dafa bango kai ma kana koyon taka ƙafarka. Sai ku koya tare, shi da bangonsa, kai da sandarka, Mama, matarka, ta zauna ta ga wane maigidan ne zai riga isa bakin titi. Sanda hannu ɗaya take ci, Baba, ɗayan nasa ne.

Allah ya ba ka lafiya, ya nuna maka wannan rana kana tsaye.