Kadarkon Kara da Kirgi

Daga Inusa zuwa ga yayana Illa baduku, a Matameye.

Gaisuwa mai yawa, kai da Inna. Yaya, tun da Nasara suka kwashe mu aikin dole, azarar giginya muke ɗauka a ka. Duk inda aka tarar da ƙorama sai mu shimfiɗa, soji su haye, mu sake ɗauka. Wuyana ya kumbura, gammo ba ya hana komai. Kada ka gaya wa Inna. Wassalam.

Daga Illa zuwa ga ƙanena Inusa.

Bayan gaisuwa, na ji, kuma raina ya ɓaci. Ga abu na aiko maka ta hannun fatake. Na yanka kara guntu-guntu, na jera su tsaye kamar saƙar zuma, na manna kirgi sama da ƙasa da ƙaro, na ɗinke gefe. Kara shi kaɗai karyewa yake, kirgi shi kaɗai lanƙwashewa yake, amma da suka kama juna na ɗora a bakin rami, jaki ya bi ta kai da kaya, bai ko lotsa ba. Da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Ka nuna wa kumandan sojin, ko ya sauƙaƙa muku. Allah ya maido mana kai lafiya.

Yaya Illa,

Gaisuwa da godiya! Kumandan ya hau, ya yi tsalle a kai, har ya yi dariya. An jefar da azara biyu, ni ke ɗauke da naka yanzu. Ina tafe wuya a miƙe, mutane na tambaya wa ya yi, ina cewa yayana ne. Kumandan ya ce a yi masa wasu. Ka ce wa Inna ina zuwa lokacin kaka. Wassalam.

Daga Isufu na Yauri, abokin aikin Inusa, zuwa ga Illa.

Bayan gaisuwa, sai haƙuri. Ruwa ya yi ta dukanmu a hanya, ƙaron ya jiƙe, daga waje kuwa ba a gani. Muka shimfiɗa abin da ka aiko a gangaren ƙorama, Inusa ya ja alfadari mai kaya ta kai. Dabbar ta turje a tsakiya. A gaban idona kirgin sama ya zame gaba, na ƙasa ya tsaya, karan ciki suka kwanta gaba ɗaya. Abin ya naɗe, suka faɗa tare, alfadarin a kansa. Kafin ya cika ya ce, "Ku gaya wa yaya watan nan wuyana ya huta." Mun yi masa sutura a gindin wata tsamiya. Allah ya jiƙansa.

Isufu,

Takardarka ta iso, na gode. Na kwana biyu ban shiga rumfar aiki ba. Inna na ta ware masa gero na fura. In an sallame ku, don Allah ka biyo ta Matameye ka zauna kusa da ni in gaya mata. Ni kaɗai na kasa. Wassalam.