Hannun Hagun Sarjan Nomau

Gangara, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Sharifu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Munira da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Na san za ka ce ga waya, me ya kai ni takarda. Baba ne ya saba mana, shi da yake cewa soja ba ya yarda da maganar da ba ta sauka a takarda ba.

An yi sadakar arba'in lafiya. Tunda aikin jandarma bai bar ka ka zo ba, bari in ba ka labari. Yaya, ban san Baba ya shiga gidaje haka ba. Wannan ya ce Sarjan Nomau ne ya ɗora masa ƙofar rumbu, wancan ya ce shi ya gyara masa amalankensa, wata ta zo da tukunyar da ya liƙe mata tana nuna wa mutane. Liman ma ya ce lasifikar masallaci ba ta san hannun kowa ba sai nasa. Na yi kuka har na gaji, don duk wannan aiki da hannu ɗaya ya yi shi, tunda harsashi ya shanye masa na hagu tun yana soja.

Abin da ke damuna keken Inna ne. Kai ma ka san ba ta da ƙafa sai keken nan da Baba ya haɗa mata da gawar kekuna biyu, shekarar da mutane ke cewa soja ya rasa matar aure sai gurguwa. Sarƙarsa ta tsinke a makon da Baba ya kwanta, tayar gaba kuma ta karkace. Na kai wa mai gyara a Gazawa, ya juya ya juya, ya ce wannan haɗin Sarjan ne, babu ƙarfen kasuwa da zai shiga. Ni kuma da zarar Inna ta fita takaba dole in koma ɗakina a Cadawa. Wa zai kai ta kasuwa, wa zai kai ta gidan suna?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hasiya

Gidan Rumji, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Hasiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na fahimci abin da ke ciki.

Na yanke shawara, kuma ba na son dogon zance. Inna za ta dawo wurina. Munira ta riga ta share mata ɗaki. Washegarin fitar takaba zan turo Habu direba da mota, ki haɗa kayanta kafin nan. Keken a jingine shi a rumfa, akwatin ƙarafunan Baba kuma a ba duk wanda zai amfana.

Kada ki ɗauka ba na jin zafin raba ta da gidanta. Ina ji. Amma na tuna yadda Baba yake goya ta a bayansa in yashi ya hana keke shiga gona, yana tafe yana yi mata waƙar fareti. Mutumin da ya yi haka ba zai yafe mana ba in muka bar ta tana jan jiki a tsakar gida.

Ki gaishe ta, ki ce ina neman albarka.
Yayanki, Sharifu

Gangara, ranar kasuwa

Yaya Sharifu,

Ina gaisuwa. Ga Habu nan ya dawo maka da mota ba kowa ciki sai wannan takarda da buhun gero. Kada ka yi masa faɗa, ba laifinsa ba ne.

Da na karanta wa Inna umarninka, "To" kawai ta ce. Can ta ce in jawo mata akwatin Baba kusa da tabarma. Na zaci kewa ce, tana so ta shafa kayansa. Sai na ga ta zaɓi sifana ba tare da ta duba ba, ta kama tayar, ta ce mini, "Riƙe nan." Wallahi da muryar Baba ta faɗa.

Na ce, "Inna, yaushe kika iya?"

Ta ce, "Ke da kike ganina gefenshi kullum, kin zaci hira nike? Hannu guda na ɗaure noti? Shi ya riƙe, ni in murɗa. Kada ki faɗa ma Jandarma sai keke ya tashi."

Bai tashi da sauƙi ba. Sarƙar ta yi ta tsinkewa, ta yanke ta a yatsa, rannan har ta jefar da guduma ta fashe da kuka tana cewa ya tafi ya bar ta da aiki. Da safe ta sa na kwanto sarƙar keken Baba, ta rage ta, ta ɗaura a nata.

Yau Habu ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham. Inna ta ce ya ɗan jira. Ta hau keke, ta rataya hular sojan Baba a gaba, ta murza da hannu, ta wuce motarka ko kallo ba ta yi mata ba. Mata suka fito suna guɗa, muka bi ta a baya har kasuwa, ni da gudu ita da keke. A bakin rumfar mahauta tsoho Zakariyya, abokin sojan Baba, ya yar da sandarsa ya ƙame ya sara mata. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Ta dawo gida da kan keken ɗinkin maƙwabciyarmu Saudatu a cinya, wai ya daina ɗaukar zare.

Ga saƙonta, na rubuta yadda ta faɗa, kuma ka san ba ta kiran sunan ɗan fari:

"Jandarma, na gode da ɗaki, Allah ya yi maka albarka. Mahaifinku ya ba ni ƙafa, ni na ba shi hannu. Ƙafar na nan, hannun ma na nan. Mi za ni yi Gidan Rumji? In kana son ganina ka zo, amma ban da ranar kasuwa, ina da aiki."

Sai na ji daga gare ka.
Hasiya

Gidan Rumji, ranar Juma'a

Hasiya,

Ina gaida Inna, ina gaishe ki. Na karanta takardarki a buro, wurin aiki, sai da na fita waje don kada yaran da ke ƙarƙashina su ga idon shugabansu.

Na janye umarni. Geron na zuba shi a ɗakin da aka share.

Habu zai kawo giris da sabuwar taya. Akwai kuma rediyona da Baba ya ce zai duba, Allah bai nufa ba. Ki miƙa wa Inna, ki ce ba gaggawa, na san akwai mutane a gabana.

Allah ya jiƙan Sarjan.
Sharifu