Baƙon da Ya Ƙi Juyawa

Litinin, 3 ga Maris

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa mini: wa ya ce don ɗa ya zauna a cikin uwarsa sai an ɗauko wuƙa?

Yau na raka Mutuniyar, wato matata, awo. Cikin fari, sati talatin da shida. Aka shafa mata man nan mai sanyi, aka goga na'ura, Likita ta juyo mana da allon. Kan Baƙon namu yana sama, ƙarƙashin haƙarƙarinta, mazaunai a ƙasa. Ya harɗe abinsa kamar mai jiran a kawo masa shayi. Da an bi ƙa'ida, yanzu kai ne a ƙasa.

Likita ta ce hanya uku ce. Ko a gwada juya shi da hannu ta waje, a asibiti, mako mai zuwa. Ko a bar shi ya fito a haka, in kwanciyarsa ta ba da dama. Ko a yi aiki. Na ce aiki kam a ajiye maganarsa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, kai ne mai cikin?" Na ce ni ne mai karatu. Sakandare ban gama ba, amma babu takardar da ta taɓa shiga hannuna ta fita ban karanta ba, har ta jikin kwalin maganin sauro.

Mutuniyar tana ta goge man da ke cikinta.

A hanya na gaya mata matata ba raguwa ba ce da za a kwantar a ciro mata ɗa kamar ana ciro kaya a jaka. Ta ce ƙafarta ta kumbura, in rage sauri.

Laraba, 5 ga Maris

Fanka huɗu da dutsen guga ɗaya suna jirana a shago, ni kuwa ina kan waya. Na karanta duk abin da aka rubuta kan ɗan da ya zo a zaune. Wasu sun ce in mace ta kwanta ƙugunta a sama kanta a ƙasa, ɗan yakan ga wurin ya ishe shi ya juya.

Maigida, mai shagon, ya leƙo ya ce, "Ƙaramin likita, fankar mai aski fa?" Na ce gobe. Ya ce jiya ma gobe na ce.

Na ari katakon da muke ɗora kaya, na kai gida, na jingina a bakin gado, na ɗaure ƙasan da waya don kada ya zame. Aiki mai kyau, ko ni na yaba. Mutuniyar ta zagaya shi ta ce, "Injiniya, ni za a gyara ko fanka?" Ta hau dai. Ƙwannafi ya taso mata, dariya kuma ta ƙi barinta. Na ce dariya tana ɓata aikin.

Alhamis, 6 ga Maris

Bai juya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na dawo na tarar da takalma biyu baƙi a ƙofa. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, ta zo da wata mai tausa. Matar har ta naɗe hannun riga, ta ajiye kwalbar mai a kan kujerata. Wai cikin ƙiftawar ido take juya yara, hannunta ya san hanya.

Na tambaye ta, in igiyar cibiya ta naɗe shi, da wane ido za ta gani? In mabiyiya ta ɓalle, da wace mota za ta kai ta asibiti? Ta ce ita ba a taɓa yi mata irin wannan tambaya ba. Na ce shi ya sa yau aka fara. Na miƙa mata kwalbarta.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, bakinka zai kashe ka. Ni da na wanke maka kashi?" Na ce ban musa ba, amma ba a cikin mutum ta wanke ba.

Sun fita ba sallama. Mutuniyar ta ce da na bari sun sha ruwa tukuna. Ita ma ba ta so a taɓa ta, ta ce, tana neman hanyar faɗa ne na shigo kamar gobara.

Lahadi, 9 ga Maris

Na karanta cewa ɗa yana bin sauti. Na ɗora ƙaramar rediyo a ƙasan cikinta. Labaran wasanni ake yi. Ta ce ya shure ta a mara, wato bai goyi bayan ƙungiyar ba.

Talata, 11 ga Maris

Ranar juyi. Ba ta ci komai ba tun safe, haka aka ce.

Ɗakin ƙarami ne. Gado, allon hoto, da wata na'ura da aka ɗaura mata a ciki da bel, tana fito da bugun zuciyar Baƙon fili, kamar doki a guje kan kwalta. Fankar silin ɗinsu tana ƙara, ƙarfen tsakiya ya bushe. Na lura, ban faɗa ba.

Na ba Likita labarin mai tausa. Ta ce na yi daidai, wannan aiki ba a yin sa inda ba a jin zuciyar ɗa, ba a kusa da ɗakin tiyata. Na kalli Mutuniyar don ta ji. Na ba ta labarin katako kuma. Ta ce ba ya cutarwa in ba a faɗo ba, amma kada in sa rai. Wannan karon ban kalli kowa ba.

Ta ce kusan rabi yakan yiwu, rabi ba ya yi, cikin fari ya fi taurin kai. Aka yi wa Mutuniyar allurar da ke sassauta mahaifa. Hannunta ya kama rawa, ta ce ƙirjinta na dukan uku-uku. Nas ta ce maganin ne, zai wuce.

Sai Likita ta sa hannu biyu. Ɗaya a ƙasa tana ɗago mazaunan, ɗaya a sama tana tura kan. Ƙaramar mace ce, amma har jijiyar wuyanta ta fito. Na ga cikin ya karkace gefe, ya koma wani abu da ban sani ba. A rubuce an ce "akan ɗan ji matsi". Mutuniyar ta kama damtsena, farcenta yana nan har yanzu. Ba ta yi kuka ba. Numfashi kawai, ta hanci, kamar mai ɗaukar buhu.

Ya zo rabi. Na gani a allo, ya kwanta a gicciye. Na ce, "Saura kaɗan!"

Sai dokin ya rage gudu. Kowa ya ji. Daga guje ya koma tafiya, daga tafiya ya koma kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana shakka. Likita ta ɗauke hannu. Aka juya Mutuniyar gefen hagu. Fankar nan na ta ƙara. Can bugun ya dawo daidai, Baƙon kuma ya sulale ya koma mazauninsa.

Na ce a ƙara gwadawa, ai ya kusa. Likita ta ce, "Yau kam an gama." Na ce abin da ya zo rabi zai iya zuwa duka, hankali ma ya ba da haka. Ta ce, "Malam, fita ka sha iska." Na fita, amma ba don ta ce ba.

Laraba, 12 ga Maris

Mun koma jin bayani. Hoto ya nuna ƙafa ɗaya ta zuro ƙasa, ta riga mazaunai. Likita ta ce da wannan kwanciya haihuwa da kai tana da haɗari, cibiya za ta iya rigan ɗan fitowa in ruwa ya fashe. Saura biyu: a sake gwada juyi, ko a sa ranar aiki.

Na buɗe baki. Likita ta ɗaga mini biro, ta juya ga Mutuniyar ta ce, "Ke nake tambaya."

Mutuniyar ta ce, "A sa rana."

A waje na fara jero mata abin da na karanta. Ciwon ɗinki, daɗewar warkewa, haihuwar gaba. Ta tsaya a bakin titi, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Injiniya, kai ka karanta, ni aka danna. Kuma ni na ji lokacin da ya yi shiru."

Na ce ni ma ai na ji. Ta ce, "Ta lasifika."

An sa ashirin da biyar ga wata. In naƙuda ta taso ko ruwa ya fashe kafin nan, mu taho ba tsayawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ƙona naɗin wayar da ke cikin fankar mai aski. Ƙarfen ya cije, na ba ta wuta ina ganin za ta kwance da kanta. Wari ya cika shago. Maigida ya ce, "Ka juya ta da yatsa tukuna?" Na ce na juya, ta ɗan motsa. Ya ce ɗan motsi ba motsi ba ne, shekara nawa yana gaya mini. Sabon naɗi zan yi, kyauta.

Na mayar da katakon.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba faɗa muke ba. Tana ninke kayan jarirai, ina karatu. Yanzu kan aikin nake karantawa, don in san abin da zan tuhume su da shi.

Ta ce in taɓa nan. Wani abu mai tauri, zagayayye, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta ce kansa ne, kusa da zuciyarta ya ga dama ya ajiye. Na ce wannan ba bayanin kimiyya ba ne.

Talata, 25 ga Maris

Mace ce. Baƙuwa ce ashe, duk wannan lokaci muna ce mata shi.

Ba a bar ni na shiga ba. Na zauna a benci, na karanta sanarwar wanke hannu da ke bango har na haddace. Nas ta fito da ita a zane, ƙafafunta a sama kamar ɗan kwaɗo, sun ƙi miƙewa. Ta ce haka na zaune suke yi, za su sauko.

Na tare Likita a ƙofa na ce mene ne dalili? Cibiya ce gajera? Mahaifa ce? Ta ce sun duba, ba su ga komai ba. Na ce ba ya yiwuwa, kowace matsala da dalilinta. Ta ce, "Zama ta ga dama. Ka je ka ga matarka."

Mutuniyar tana rawar sanyi, leɓenta fari, ƙafafunta ba ta jin su. Ta ce, "Injiniya, ka ƙirga yatsun?" Na riga na ƙirga.

Alhamis, 27 ga Maris

Jiya aka ce ta tashi ta taka. Daga gado zuwa ƙofar banɗaki, tafiyar da ba ta kai tsawon shagonmu ba. Ta riƙe wuyana, ta miƙe a duƙe, gumi na ɗiga a kan takalmina. In tari ya zo mata sai ta danna filo a kan ɗinkin tukuna. Dariya ma haka. Ta ce kada in kuskura in yi maganar katako.

Da ta dawo ba ta kwanta ba. Yarinya ta yi kuka, uwar ta ce a miƙo ta.

Wannan duk ban gan shi a rubuce ba. Ko yana nan na tsallake, oho.

Lahadi, 30 ga Maris

Mun dawo gida. Ɗaki cike da 'yan barka. Gwaggo ta zo, ta huce, ta ɗauki yarinya tana mata wasa, ta ce goshina ne sak. Ina zuba wa mutane ruwa na ji ta rage murya tana ce wa wata maƙwabciya, "Yaran yanzu ai hutu suke. Kwanciya ta yi aka ciro mata kamar kaya a jaka. Raguwa dai ba ta san haihuwa ba."

Mutuniyar ta ji. Ba Gwaggo ta kalla ba. Ni ta kalla, kallo ɗaya, ta ci gaba da ba da nono.

Kofin da ke hannuna ya cika ya zube. Bakin nan da Gwaggo ta ce zai kashe ni, yau ya ƙi buɗuwa. Maganar ta yi mini kama da wadda na taɓa ji a wani wuri. Ban koma shafin farko ba. Ba na bukata.

Gobe wasu za su ƙara zuwa, dangina da nata. Zan sa kujera a tsakar ɗaki. Duk wanda ya taɓa cewa matar nan raguwa ce, babba ne ko yaro, da ƙarfi ya faɗa ko a kan hanyar dawowa daga awo, ya hau kanta ya tsaya a gaban jama'a, a gabanta, ya gaya mana: in wannan ba haihuwa ba ce, mece ce?

Na karanta wa Mutuniyar, ta ce in ajiye biro in miƙo mata filo, tari na zuwa. Ta ce kuma kujerar, in tabbatar mai ɗaukar mutum biyu ce.