Durowa ta Huɗu

Lusaka, 20 ga Oktoba

Matata Bupe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar? Yaya Mama da zafin Kasama? Ni lafiya lau, sai dai tuwon da nake ci ni kaɗai ba ya wucewa.

Na sayi tikitin mota. Lahadin nan za mu raba babbar na'urar kwamfuta ta wurin aikinmu kashi uku, kowane kaso da aikinsa, Litinin in taso, in riga haihuwarki isowa.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na'urar durowa huɗu gare ta, kowace da ƙwaƙwalwarta mai lissafi da sandunan memorinta masu riƙe mata bayanai. A takardar da injiniyarmu Madam Hamoonga ta zana, kason da zai riƙe bayanan wani asibiti ƙwaƙwalwarsa na durowa ta ɗaya, memorinsa kuwa can a ta huɗu. Kamar a ajiye murhu a Kasama, tulun ruwa can a garin Mpika. Zai yi aiki, amma da jan ƙafa, masu jinya su yi ta tsayuwa a layi ba wanda ya san dalili. Kin san a aji bakwai na tsaya, ba na gane manyan littattafansu. Shekara shida dai hannuna ke soka sandunan nan, na taɓa ganin irin wannan.

Ranar Lahadin ƙarshen wata kaɗai ake yarda a kashe na'urar. In na yi magana, sai an sake zane, aikin ya koma ƙarshen Nuwamba, hutuna ya bi shi. In na yi shiru, sunan da ke kan takardar ba nawa ba ne.

Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Mijinki,
Chisanga

Lusaka, 24 ga Oktoba

Bupe tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Mama.

Na yi magana. Kwana uku ina juya abin, jiya na sami Madam ita kaɗai na ɗora yatsa a kan takardar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai Chisanga, ka san abin da ka jawo wa kanka kuwa?" Na ce na sani. Ta ɗage aikin zuwa ƙarshen Nuwamba. Abokin aikina Sitali da ya ji, cewa ya yi, "Sannu farfesan aji bakwai! Ka ceci asibiti, sai asibitin ya je ya yi maka suna."

Da aka tashi na koma ɗakin na'urorin na zauna cikin sanyin nan da ƙugin fankoki, har mai gadi ya leƙo ya ce zai kulle.

Na mayar da tikitin. Ki ce wa Mama in cibiyar jaririn ta faɗi kada a jira ni, ta sa sunan da ta ga dama. Ba wanda ya tilasta ni, Bupe, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni na zaɓa, ke za ki ɗauki nauyin.

Ki rubuto mini, ko da faɗa ne.

Naki,
Chisanga