Sunan Mahaifina a Bakin Kwata

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya gyara ƙaramin asibitin unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Falmata, 'yar marigayi Modu Gana, wanda tsofaffin Yerwa, wato Maiduguri, suka sani da Modu Kansila. Na zo ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Mahaifina ne ya yi ta zarya a majalisa har aka gina asibitin nan, lokacin da matan unguwarmu ke haihuwa a hanya. Da ya rasu, mutane suka kafa farin dutse a bangon asibitin, aka sassaƙa sunansa. Kabarinsa ba mu sa masa alama ba, kamar na kowane Musulmi, yau ko ni ba zan iya nuna shi ba. Dutsen nan ne kaɗai inda sunansa ya rage a garin nan.

Na biyu. Kun yi gyara, asibiti ya yi kyau, Allah ya saka. Kun kafa sabon allo da sunayenku, wannan ma ban ƙi ba. Amma ranar da na kai jikata rigakafi, ina tsallake kwatar bakin ƙofa, na duba ƙasa sai ga sunan Baba ƙarƙashin takalmina. Inna lillahi! Ashe dutsen leburori suka shimfiɗa ya zama gada. Wallahi zama na yi a wurin, na yi kuka kamar ranar da aka fita da gawarsa.

Na uku. Na roƙi mai gadi ya bar ni in ɗauka, har na kira mai baro. Ya ce kayan gwamnati ne, ba a fita da shi sai da izini. Sakatarenka ma haka ya faɗa. Haba, ranka ya daɗe! Dutsen yana da darajar da za a hana 'yar mai sunan, amma ba shi da darajar da za a ɗaga shi daga kan ruwan datti? Haruffan sun fara gogewa, Gana ɗin ma da ƙyar ake karanta shi. Ni na daina bin ƙofar, asibiti mai nisa nake zuwa.

Roƙona ke nan. Ku mayar da shi bango, ko a bayan gini ne. In babu wuri, ku ba ni in kai shi gida, ni zan zuba muku siminti a kwatar. In duk wannan ya yi muku nauyi, to don girman Allah ku sa a kife shi, fuskar ta kalli ƙasa. Gara in daina ganin sunan Baba da in ga ana taka shi.

Allah ya yi maka jagora, ya sa 'ya'yanka kada su ga irin abin da na gani.

Wassalam.

Falmata Modu,
Shehuri, Maiduguri.