Almu Ya Dawo Gandu

Sheme, ta Faskari
Nuwamba, 1978

Zuwa ga Yaya Kulu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yara, da mutanen Sabuwa baki ɗaya. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan sai godiya, dawa ta yi kyau bana.

Bayan gaisuwa, ƙanenmu Almu ya zo. Kin san tun da muka yi rigima kan wanda zai riƙa ba da umarni a gona, ya bar gandu ya tafi Kaduna, bai sake neman shawarata ba ko a kan sayen hula. Yau ga shi shugaban kamfani, motocinsa na dakon siminti daga Ikko har Sakkwato. To, wani ɗan takarar shugaban ƙasa, mutumin kudu, yana son ya ɗauke shi mataimaki. Wai ƙasa ta samu kuɗin mai, tana buƙatar wanda ya iya juya dukiya. Almu ya cire takalmi, ya zauna a tabarmata, ya tambaye ni ko ya karɓa.

Yaya, daɗi ya kusa sa ni hawaye. Tsoro kuma ya kama ni, don in na faɗi abin da ke raina, ina jin wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Sai na ce ban san aikin mataimaki ba, amma na san aikin ƙane a gandu. Ya zauna mu yi girbi tare, ni gaba shi baya, sannan in ba shi amsa. Ya yi dariya, wai wannan ai abu ne mai sauƙi.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Barau

Sheme
Disamba, 1978

Yaya Kulu,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Man zafin da na aiko ya iso?

Ranar farko Almu ya ɗauki magirbi ya bi bayana, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa cewa ba ya iya bin na gaba. Kashegari ya raba 'yan aiki kashi-kashi, ya sallami jakuna ya kawo mota, har lokacin shan fura sai da ya tsayar. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin girbi mai sauri da tsabta irin wannan ba. Matata Lauratu ma shi ta koma tambaya yawan tuwon da za a tuƙa.

Sai na tafi gaisuwar mutuwa Daudawa. Na dawo na tarar an buɗe rumbu, an zuba dawa, an fitar da zakka an raba, an ba kowane ɗaki rabonsa. Ko dami ɗaya bai kuskure ba. Amma kin san tun zamanin kakanni, hannun mai gandu kaɗai ke buɗe rumbun nan, kuma tun rasuwar Baba nawa ne. Shi ko a jikinsa, ya tarye ni yana murmushi, yana jiran yabo.

Na yabe shi, don ya cancanta. Sannan na ce kada ya karɓa, domin mutumin kudun nan zai yi tafiya wata rana, ya dawo ya tarar an buɗe masa rumbu. Almu ya juya. Ya shiga mota, ko koko bai sha ba. Raina ba daɗi, ki sa mu a addu'a.

Naki,
Barau

Sheme
Fabrairu, 1979

Yaya Kulu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji daɗi da aka ce kin fara taka ƙafar har kasuwa.

Albishirinki, Almu ya dawo ranar Juma'a. Ya ƙi muƙamin. Da mutumin ya nemi dalili, cewa ya yi yayansa bai amince ba, shi ke nan. Kada ki ɗauka ya yarda da ni. Har yanzu yana nan a kan cewa na yi kuskure, mun yi ta musu har abinci ya huce. Da zai koma ya ce yana son dawar da zai kai wa iyalinsa. Ya je gindin rumbu ya tsaya, hannu a baya, sai da na gama alwala na zo na buɗe.

Ga abin da ke ba ni dariya ni kaɗai. Mutumin da ya bi maganar na gaba da shi alhali bai yarda da ita ba, ai shi ake nema a mataimaki. Wataƙila na yi wa ƙasa asara. Amma ban yi nadama ba, ƙasa ta nemi wani, ni ƙanena ɗaya ne.

Kada ki faɗa masa na ce haka, yanzu sai ya koma ya karɓa. Ya ce zai zo shuka da damina, mu biyo ta Sabuwa mu gaishe ki.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Barau